Kwamfuta Biyu a Ma'ajiya Ɗaya

Litinin, da hantsi

Na buɗe shago, na share, na goge gilashin da hotunan talla suke ciki. Har yanzu ba wanda ya shigo sai ƙuda. Kujerar Injiniya tana nan inda ya ture ta. Ban gyara mata zama ba, kuma ba don wani abu ba ne, bayana ne ke ciwo.

Injiniya ɗana ne, shi kaɗai Allah ya bar mana ni da mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Ba injiniyan komai ba ne. Tun yana ɗan mitsitsi ya kwance min kyamara ya kasa mayarwa, na laƙaba masa sunan don haushi, sunan ya bi shi. Ni ke bayan kyamara a shagon hoton nan, shi ke gaban kwamfuta. Haka muke har ranar nan. Ba zan rubuta zancen ranar nan ba. Wanda ya ji ya ji, kuma Tela na shagon kusa ya ji, ka ga kuwa duk layi an ji. Ya ɗauki kwamfutarsa ta hannu da jakarsa ya fita, layin wayarsa a kashe tun daga lokacin. An kwana biyu.

Abin da ya sa na ɗauki biro, kwamfutar shago ce ta fara wani irin ƙara tun jiya, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera a bayan kwali. Duk aikina yana cikinta. Sai na tuna bara Injiniya ya haɗa mu da wata ma'ajiya. Duk abin da ya shiga kwamfutar, kwafinsa yana bin intanet ya je wurin wani kamfani ya zauna. Wai gajimare ake ce mata. Na ce masa ni duk gajimaren da na sani, abin da ya ɗauka zubarwa yake yi. Ya ce, "Baba, kai dai duba ƙasan allon nan. In alamar nan koriya ce, ko gini ya faɗo wa kwamfutar, hotunanka suna nan."

Na duba. Koriya ce. To madalla.

Talata, da la'asar

Tsautsayi ya sa na danna koriyar alamar, ban taɓa dannawa ba sai yau. Wani shafi ya buɗe, sai ga kwamfuta biyu a jere. Ɗaya an rubuta mata Shago. Ɗayar an rubuta mata Tawa. Wa zai raɗa wa kwamfuta suna Tawa in ba shi ba? A ƙarƙashin kowacce akwai lokacin da ta yi ajiya na ƙarshe.

Shago, yau da rana. Tawa, yau da safe.

Na rufe. Na tashi na fita bakin ƙofa. Tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Mai hoto, lafiya? Ka yi kamar ka ga mai bin ka bashi." Na ce ya kula da ɗinkinsa, wandon da ya yi min bara har yanzu ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Na dawo na sake buɗewa. Yana nan dai, yau da safe.

Wato kwamfutarsa har yanzu tana zuba kayanta a ma'ajiyarmu. Wato yau da safe, a wani wuri, ya buɗe ta da hannunsa. Ya manta bai raba ta da mu ba. Shi da ba ya manta komai, har maganar da aka faɗa cikin fushi.

Laraba, da safe

Tawa, yau.

Alhamis, da safe

Tawa, yau. Na sha shayi har kofi biyu.

Alhamis, da yamma

Yaya ta zo da kwanon abinci. Ita ce babba a ɗakinmu, kuma har yau kallon yaro mai zanzaro ba wando take min. Ta zauna a bencin masu jiran fasfo, ta ƙare wa shagon kallo, ta ce, "Baban Injiniya, ka rame."

Na ce ban rame ba, rigar ce Tela ya yi wa yawa.

"Ka ji daga gare shi?"

"Daga wa?"

Ta yi tsaki ta ce, "Kai da shi, ban san wanda ya fi wani taurin kai ba." Na ce in zancen da ya kawo ta ke nan, ga kwanonta. Ta ce ai kwanon nata ne dama, ta bar shi ta tafi. Na cinye tas, ban ma san ina jin yunwa ba.

Ban faɗa mata ba. Abina ne.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na buɗe Tawa. Na san ba kyau. Amma ma'ajiyar ta shagon nan ce, kuma ni ne mai shagon, in ma leƙe ne a ɗakina na leƙa.

Aiki yake yi. Bidiyon buɗe wani kanti, bidiyon yaye ɗalibai, hotunan wani taro na masu manyan kujeru. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina masa faɗa ni kaɗai. Nan ka tsayar da mutane taga tana bayansu, fuska duk ta yi duhu, haka na koya maka? Nan ka bar sandar lantarki ta tsiro a kan mutum. Sai na zo kan wata tsohuwa da ya ɗauka tana dariya, hasken ya sauka a gefen fuskarta daidai wa daida. Ni ma da ƙyar in yi wannan.

Akwai wata jakar hotuna da ya rubuta wa Gida. Ɗaki ɗaya ne, labule shuɗi, katifa a ƙasa, butar shayi a kan kwali. Tagar tana kallon bayan wani gini da ban sani ba. Na ƙara girman hoton ko zan ga allon wani shago, ko lambar mota, ba komai sai bango da igiyar shanya. A bakin ƙofa akwai takalmi ƙafa biyu, nasa da wani ƙarami.

To. Ita ce, yarinyar da muka yi faɗan a kanta.

Lahadi, da rana

Ba na buɗe shago ranar Lahadi. Na buɗe.

Litinin, da azahar

Akwai jaka ɗaya mai kwanan watan da na sani. Ban buɗe ba. Ba zan buɗe ba.

Wata mata ta kawo tagwayenta fasfo, ɗaya na kuka ɗaya na dariya, da na lallashi wannan sai wancan ya karɓa. Da Injiniya yana nan, da ya tsaya bayana yana musu kukan akuya. Na gwada. Uwar ce kawai ta yi dariya.

Talata, da hantsi

Na buɗe.

Mutum bai fi goma ba a wurin bikin. Wani fili ne mai kujerun roba. Shi da farar riga, wuyanta ya masa yawa. Ita a gefensa, kanta a ƙasa. Wanda ya ɗauki hoton ko makaho ne, ya yanke musu ƙafafu, ya bar rabin hoton sararin sama. Ni da na ɗauki auren rabin unguwar nan, na ɗauki na iyaye na dawo na ɗauki na 'ya'yansu, a ce na ɗana wani mai waya ne ya ɗauka a karkace.

A hoto na huɗu, can gefe, akwai wata mata ta riƙe jaka da hannu biyu. Ban buƙaci ƙara girma ba. Yaya ce. Da mayafin da na saya mata.

Wallahi raina ya ɓaci. Ba a kan zuwan ba, a kan kwanon abincin, da "ka ji daga gare shi". Kuma ba ni da bakin yi mata magana, don za ta ce ina na gani.

Alhamis, da yamma

Ta zo, ta kawo, na ci. Na kalli hannunta tana zuba min ruwa, ban ce komai ba. Ta ce yau na yi hankali.

Juma'a, da safe

Alamar ta koma rawaya. Na danna, aka ce ma'ajiya ta cika, an dakatar da ajiya. Bidiyoyinsa ne, kowanne ƙato. Shago, jiya. Tawa, jiya.

Ƙaran kwamfutar ya ƙaru, yanzu har da wani ɗan nishi kafin ta tashi. Ya kamata a ce wannan ne ya dame ni.

Asabar, da safe

Tawa, shekaranjiya.

Na san dalili, na san cikar ma'ajiya ce. Amma sanin bai hana ni tunanin hatsarin mota ba. Na ɗauki wani mutum fasfo, sai da ya tafi na ga idonsa a rufe yake.

Asabar, da la'asar

Na gano yadda ake yi. A gefen kowace jaka ta Shago akwai ɗan akwati. In ka cire masa alama, sai a tambaye ka, a daina ajiye wannan a kuma cire ta daga ma'ajiya? Ka ce e. Jakar tana nan a kwamfutarka, kwafin ne kawai ya tafi, wuri ya samu.

Na cire tsofaffin fasfo. Wa zai dawo neman fasfon da ya yi tun gemunsa bai fito ba? Ban gama shan ruwa ba alamar ta koma koriya. Kafin in rufe shago, Tawa ta ce yau.

Na saya wa Tela lemo. Ya juya kwalbar ya ce, "Me na yi maka?"

Talata, da hantsi

Rawaya kuma. Yaron nan ba ya hutawa ne? Na cire hotunan makarantu da na ƙungiyoyin ƙwallo. Koriya.

Ya sayi tebur. Butar shayin ta bar kan kwali.

Alhamis, da azahar

Rawaya. Abin da ya rage mai girma a Shago, in ka cire aikin mutane na bana da ba zan taɓa ba, jaka biyu ne. Tsofaffi, da Mama.

Tsofaffi ita ce aikina na zamanin fim, tun ina wanke hoto a ɗaki mai duhu da jan ƙwan fitila. Shekarar da rufin ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa akwatunan, fina-finan suka fara mannewa. Injiniya ya kwashe damina guda yana ɓamɓare su a hankali yana sa su a sikana, na'urar da ke kwafe su zuwa kwamfuta, yana mita, ina mita. Abin da ya tsira shi ne wannan jakar, sauran mun zubar. Mama kuwa shi ya ware ta da kansa, duk hoton mahaifiyarsa da na taɓa ɗauka, da 'yan bidiyon da ya yi mata a shekararta ta ƙarshe. Bangon gidana babu hotonta ko ɗaya. Kullum sai in ce zan wanke babba in sa a firam, aikin mutane ya sha gaba.

Na cire Tsofaffi. Ai suna nan a kwamfutar. Na ɗan lokaci ne.

Juma'a, da yamma

Tela ya leƙo ya ce jikokinsa sun ƙaryata shi, wai bai taɓa yin gashi ba, haka aka haife shi da sanƙo. Ya ce in nemo masa hoton da na ɗauke shi ranar da ya buɗe shago, da sumarsa kamar kwando. Na ce sai an natsu. Ya ce, "Natsuwar me? Kai da ke zaune kana kallon allo kamar mai jiran sakamakon jarrabawa."

Na ci gaba da kallon allon. Bai saba in ƙyale shi ba, sai ya tsaya ya dube ni, ya koma kan kekensa.

Lahadi, da safe

Tawa, yau. Gidan nan ya yi min girma. Na dafa shayi na ɗauko kofi biyu, sai na mayar da ɗaya.

Litinin, da hantsi

Wani hoto ya shigo jakar Gida. Ba da kyamara ya ɗauka ba, takarda ce ya ɗora a kan sabon teburin ya ɗauka da waya. Baƙi da fari, duk dishi-dishi, kamar fim ɗin da haske ya shiga. Na karkata kai dama, na karkata hagu. Sama da shekara talatin ina sana'ar hoto, na kasa gane sama da ƙasa.

Amma na san irinsa. Mata sukan kawo min daga asibiti in manne musu shi a leda, suna rufe baki suna murmushi.

Na zauna a kujerarsa. Sai da na zauna na lura a kanta nake.

Litinin, da la'asar

Rawaya. Kuma a ƙarƙashin Tawa an rubuta, akwai sauran fayil suna jiran wuri.

Me ke jira? Wata takardar asibitin ce? Lafiya ko ba lafiya ba? Mahaifiyarsa sau uku tana zuwa da irin wannan labari kafin shi, ba wanda ya zauna. Na zagaya shagon nan har Tela ya buga bango.

Na cire Mama. Na ce mata ta yi haƙuri, na kwana biyu ne, kuma da tana nan ita za ta fara cewa in cire.

Litinin, gab da rufe shago

Sun shigo. Bidiyon buɗe gidan mai ne. Wani mai tumbi yana yanka ƙyalle da almakashi.

Laraba, da safe

Kwamfutar ba ta tashi ba.

Na kashe, na kunna. Na cire wayar wuta, na mayar. Na ɗan bubbuge ta a gefe yadda nake yi wa rediyo. Ƙas, ƙas, sai shiru. Baƙin allo da wani ɗan rubutu fari.

Laraba, da yamma

Mai gyara ya zo, wani mai tabon ƙuna a hannu, ba ya son yawan magana. Ya buɗe ta, ya ciro faifan da komai ke ciki, ya kara a kunne ya girgiza. Ya ce, "Baba, wannan ya riga mu gidan gaskiya. Kana da ajiya?"

Na ce ina da ita, har da ɗan ɗaga murya.

Ya sa sabon faifai, ya shiga ma'ajiyar, ya ce ta sauko. Ina tsaye ina kallo aikin bana yana dawowa jaka bayan jaka, auren 'yar mai kantin magani, taron malaman makaranta, tagwayen nan masu kuka. Ko ɗaya bai ɓace ba. Ya ce, "Wanda ya haɗa maka wannan ya san abin da yake yi. Da yawa sai dai su zauna su yi kuka."

Na ce saura jaka biyu manya.

Ya duba ya ce, "Ai an cire su." Ya dube ni. Na dubi bango.

Ya ce duk abin da aka cire, kamfanin yana riƙe shi a kwandon shara wata ɗaya, in wata ya cika ya tafi ke nan har abada. Ana iya dawo da shi, amma sai da wuri, kuma ma'ajiyata a cike take maƙil. Hanya biyu ce. Ko a ƙara girman ma'ajiyar, amma wannan sai an tura lambobi shida zuwa wayar wanda ya buɗe ta, shi ya faɗo su. Ko kuma, ya nuna da ɗan yatsa, a cire wannan kwamfutar ta biyu da duk kayanta. "Dannawa ɗaya ce, ba a tambayar kowa. Ita ce ta cinye maka wuri. Ta wa ce?"

Na ce ta wani ce.

"In cire?"

Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Ya janye a hankali, ya tattara sukurorinsa. A bakin ƙofa ya ce, "Baba, wata ɗaya ne fa, kuma daga ranar da aka cire ake lissafi."

Alhamis, da safe

In na cire Tawa, na rufe tagar da hannuna. In na nemi lambobi, saƙo zai je masa, ya tuna kwamfutarsa tana haɗe da mu, ya gane ina leƙe, ya rufe da nasa hannun. Kuma layin da aka kashe, ina saƙon zai sauka ma?

Tawa, yau.

Asabar, da rana

Na yi makonni ban taɓa biro ba, yau na leƙa kwandon. Fasfo sun tafi. Ba komai, su je.

Talata, da hantsi

Makarantu da 'yan ƙwallo sun tafi. Akwai wani mai tsaron raga a cikinsu da ya rasu a ruwa, uwarsa takan zo ta ce in nuna mata. Ban san abin da zan ce mata ba.

Matar Injiniya kuwa ta fara sa manyan riguna. A wani hoto tana tsaye a taga tana cin lemo, ba ta san ana ɗauka ba. Ba ta yi kama da abin da na kira ta ba.

Alhamis, da yamma

Yaya ta tarar da ni ban kunna fitila ba. Ta ajiye kwano ta ce me ya faru. Na ce kwamfuta ce ta mutu, hotunan maman Injiniya suna hanyar ɓacewa. Iya nan na faɗa. Ta zauna, ta ce, "Akwai wanda zai iya gyarawa."

Na ce na sani.

"In kana so in..."

Na ce, "Yaya, mayafin nan yana miki kyau a hoto."

Ta dube ni, na dube ta. Ta gyara mayafin a kafaɗa, ta ce, "To ai gara da ka sani. Ni ba zan kai saƙo ba, ba zan kawo ba. Bakin da ya yi waccan maganar shi zai yi wannan." Ta tafi ba sallama. Yau kam ban iya cin abincin ba.

Asabar, da safe

Tsofaffi ta tafi.

Na zauna ina kallon wurin da take. Damina guda ta yaron nan, da ƙuruciyar duk wanda ke layin nan. Na je na faɗa wa Tela cewa sumarsa ta tafi karo na biyu. Ya yi dariya har da buga keke, sai ya ga ni ban yi ba. Ya kashe keken, ya jawo min kujera. Muka zauna muna kallon titi, bai tambaye ni komai ba. Ban taɓa sanin ya iya shiru ba.

Lahadi, da la'asar

Na gwada tuno fuskarta ba tare da hoto ba. Ina ganin goshin, ina ganin wushiryar. Amma ɗan tabon nan, a kumatun dama yake ko na hagu? Na rantse da dama, can kuma na ce hagu. Ni da na saita wa fuskar nan haske ya fi a ƙirga.

Ina kewarta. Ina kewarsa. Na rubuta, ga shi nan, ba wanda ya mutu don na rubuta.

A gefen jakar Mama an sa jan rubutu. Kwanakin da suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na danna ƙara girma. An ce za a tura lambobi zuwa wayar da ta ƙare da bakwai da biyu.

Layinsa da na sani da huɗu da sifili ya ƙare. Na haddace shi kamar sunana.

Na daɗe ina kallon bakwai da biyun nan. Sabon layi ne. Kuma layi ba ya shiga ma'ajiya da ƙafarsa. Wato bayan ya tafi, ya zauna ya buɗe shafin nan, ya sa sabuwar lambarsa. Ya ga Shago, ya ga Tawa a jere, kamar yadda nake ganinsu. Bai manta ba. Barin ta ya yi.

Butar shayin, da teburin, da takardar asibitin da ya ɗora ya daidaita ta tsaf kafin ya ɗauka. Ɗan banza. Ɗan banzan yaro.

Na danna tura.

Litinin, da hantsi

Wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, ƙarshenta bakwai da biyu. Lambobi shida, ba sallama, ba komai.

Na riƙe wayar ina kallo. Ban san na daɗe haka ba, sai da allon ya ce lokaci ya wuce, a sake nema. Na sake dannawa.

Wasu shidan suka shigo. A ƙasansu ya rubuta, "Minti goma ne kawai, Baba."

Na karanta ya fi sau nawa. In na shigar da su yanzu, mahaifiyarsa ta dawo, ma'ajiya ta yi girma, shi ke nan ba ni da sauran dalilin dannawa. Na ajiye wayar a kan kantar shago, na naɗe hannu, ina kallon agogon bango har lokacin ya wuce. Allah ya gani, wannan karon da gangan ne.

Na danna na uku.

Litinin, da azahar

Ba saƙo ya turo ba. Kira ya yi.

Na ɗauka, na kara a kunne. Ina jin ƙarar fanka a wurinsu, da cokali yana taɓa kofi. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, me kake gani a gabanka? Karanto min."

Can bayansa na ji matarsa ta ce a hankali, "Ka gaishe shi mana." Ya ce mata, "To, bari mu gama." Ya dawo kaina. "Akwai wani ɗan akwati fari a tsakiyar allo, inda za ka rubuta lambobin. Ka gan shi?"

Akwatin yana gabana ƙuru-ƙuru, har ɗan layin nan yana ƙyafta min ido a cikinsa.

Na jawo kujerarsa na zauna sosai. Na ce, "Ban ga komai ba. Faro min daga farko, kuma a hankali."